Yadda Aka Ɗaura Magani Biyu Suka Zama Ɗaya

A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne ake kira Sarakunan Baba, saboda gwanintarsu a rini. Marina sun daɗe da sanin cewa baba shi kaɗai ba ya kama zane, sai an gama shi da ruwan toka da katsi cikin karofi. Haka kuma masu maganin gargajiya na ƙasar Rano da Kibiya sukan gama ganye da saiwa da ɓawo in zazzaɓi ya sauka da damina. Wannan dabara ta gamin gambiza ita ce masana na zamani suka kai wani matsayi dabam.

Cikin shekara ta 1820 waɗansu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka fitar da kuni daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu. A 1854 Dokta Baikie ya hau kogin Kwara da Binuwai, mutanensa suna shan kuni kullum, ya komo ba wanda zazzaɓi ya kashe. Daga baya aka yi kulorokwin, amma ƙwayar cutar ta saba da shi, har ya daina ci.

A 1972 wata mace a ƙasar Sin, Tu Youyou, ta fitar da atimisinin daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Maganin yana da saurin kisa, amma ba ya daɗewa a jiki, saboda haka akan gama shi da wani mai daɗewa cikin ƙwaya guda. Shi Nijeriya ta koma amfani da shi wajen 2005.

To, sai masana suka yi tunanin abin da ya fi haka. Gero da wake in an zuba su ƙwarya ɗaya, kowane yana nan dabam. Amma maƙeri yakan narka bakin ƙarfe biyu ya haɗe su. A shekara ta 2000 Bernard Meunier da abokan aikinsa a Faransa suka ɗaura irin waɗannan magunguna biyu suka zama abu guda, don su isa ga ƙwayar cutar tare. A 2007 masana a Dublin suka ɗaura atimisinin da kuni, suka tarar ya fi kashe ƙwayar cutar a ɗakin gwaji bisa ga in an cuɗa su kawai.

Gwajin ɗaki dabam, jikin mutum dabam, saboda haka wanda ake bayarwa a asibiti har yanzu shi ne na ƙwaya guda ɗin nan. Nijeriya kuwa ita ke ɗauke da wajen rubu'in masu wannan zazzaɓi a duniya. Wanda aka ba magani na kwana 3, wajibi ne ya shanye duka, gama wanda ya bari a rabi shi ke koya wa ƙwayar cutar jurewa.