WA YA CANCANCI YANKE MANA SHARI'A? TARIHIN HORON ALƘALAI A ƘASARMU

Kusan kowane gida na Babankatami ya taɓa kai ƙara, ko kan gona, ko gado, ko aure, ko ɓarnar dabbobi. Amma ba safai muke tambayar inda mai yanke hukuncin ya yi karatu ba, balle wanda ya tabbatar ya isa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihin abin.

Kafin zuwan Nasara, yawancin rigingimun ƙasar Adar a ƙofar mai gari suke ƙarewa, ko a gaban manyan zuriya, musamman wajen Azna. Inda akwai alƙali kuwa, malami ne da ya sauke Alƙur'ani, ya bi zauruka yana karatun fiƙihun Malikiyya, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risala da Muhtasar na Halil, sannan Tuhfa ta Ibn Asim, wadda ke koyar da aikin alƙalanci kansa. Babu jarrabawa, sai ijazar malaminsa da shaidar jama'a. Littattafan sun gindaya sharuɗɗa: ya zama baligi, mai hankali, adali, mai ilimi, mai lafiyar ji da gani da magana. Bayan jihadin 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa Kanawa Liya'ul Hukkam don masu mulki da masu shari'a su san iyakarsu.

Da Faransa ta kama ƙasa, sai ta zo da nata tsari. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa kotunan ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma, tun daga ta ƙauye har ta kwamanda. Dokar 3 ga Disamba 1931 ta tsara su mataki na ɗaya da na biyu, inda akasari jami'in mulki ke shugabanta, da mataimaka biyu daga cikin manyan gari, waɗanda ake kira asesar. Ba a horar da su, kuma sau da yawa biyayya ake dubawa kafin ilimi. Kwamanda kuma ba ya jin Hausa ko Buzanci, don haka maganar talaka sai ta bi ta bakin tafinta, in ya so ya gyara, in ya so ya ɓata. Dattawanmu sun san abin da wannan ya jawo. Sai a 1946 aka karɓe shari'ar laifuka daga hannun waɗannan kotuna.

A kudancinmu kuwa, Ingilishi wata hanya suka bi. Sun bar alƙalai a kan kujerunsu, suka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Wato can an mai da karatun zaure ya sami aji da takardar shaida. A nan ba a yi haka ba, sai ilimin malam ya tsaya gefe guda, ikon hukunci ya koma wani gefen.

Bayan samun mulkin kai a 1960, dokar 16 ga Maris 1962 ta haɗa kotuna suka zama tsari ɗaya. Amma ƙasa ba ta da isassun masu karatun doka, har dai da farko sai an tura mutane waje, musamman Faransa. An buɗe makarantar horar da ma'aikata ta ENA a Yamai a 1963, jami'a kuma ta tsaya da ƙafafunta a 1973. Daga baya ENA ta zama ENAM ta ɗauki horon alƙalai, kafin a kafa makarantar aikin shari'a ta musamman a 2015. Da haka sharaɗi ya fito fili: mutum ya gama karatun doka a jami'a, ya ci gasar shiga, ya yi horo, sannan ya yi rantsuwa. Wannan ci gaba ne babba, kada mu raina shi.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Dokar 1962, da ta 22 ga Yuli 2004 da ta maye gurbinta, duk sun ce a bi al'adar masu ƙara a kan aure, saki, gado da gonar da ba ta da takardar mallaka. Alƙalin da aka turo Buza, Keita ko Madawa da Faransanci ya yi karatu, kuma mai yiwuwa daga wata jiha ya fito. Bai san bambancin aro da jingina a fadamarmu ba, sai abin da asesar suka faɗa masa. Su shawara suke bayarwa, shi ke yanke hukunci, amma a kan maganarsu yake ɗora shi. Ga shi kuwa babu wata doguwar makaranta da suke bi irin tasa. Haka ma sarakuna da masu gari, waɗanda dokar 1993 ta tabbatar musu da ikon sulhu kafin a je kotu.

Abin ya ƙara nauyi tun da ƙasa ta yi daraja. Aikin Keita da aka soma a 1984 ya raya faƙon da aka yi watsi da shi, sai masu cewa na kakanninsu ne suka yi yawa. Tsarin dokar karkara na 1993 ya kawo kwamitocin ƙasa, wato Kofo, masu rubuta sayarwa, kyauta, aro da jingina. Mu ƴan biɗa mu abin ya fi shafa, domin wanda ya yi shekara goma a Abijan ko Ikko, gonarsa tana hannun wani, shaidunsa kuma suna ta rasuwa.

Don haka muna ba ƴan ƙungiya shawara uku. Duk wanda zai ba da aron gona ya rubuta a gaban mai gari da Kofo kafin ya tafi. In za a ba da sunan asesar, dattawa su tsaya kan mai ilimin fiƙihu da sanin al'ada, wanda ba a taɓa jin ya karɓi toshiya ba. Sannan mu tallafa wa yaranmu masu ƙwazo su karanta doka, a Yamai ko a Jami'ar Musulunci ta Sayi, don a sami alƙalan da ke jin harshen mai ƙara ba tare da tafinta ba.

Allah ya ba mu shugabanni adalai, ya mai da matafiya gida lafiya. Wassalam.