Takardar da Ta Ƙi Kwanciya

Yau zan kai ku Jamus, makarantar Bauhaus, wajen 1927. A can malaminsu Josef Albers ya sa ɗalibai ninke takarda bisa da'irori, wata cikin wata, ninki ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sai takardar ta ƙi kwanciya, ta murɗe kamar sirdin doki. Me ya jawo? Takarda tana lanƙwasa amma ba ta miƙewa kamar roba, don haka in ninkin ya bi layi mai gwiwa, dole gefunansa su tashi. A 1976 David Huffman ya fitar da lissafin abin. Ni dai abin da ya tsaya min a rai, duk kayan gwajin takarda ce kawai. To mu matasa, me muke jira?