Majigin Zane da Talabijin na Ranakun Biki: Abin da Ya Ɗore a Amurka, Bai Kafu a Ƙasar Hausa Ba

Manufar wannan maƙala ita ce a duba dalilin da ya sa majigin zane mai motsi ya zama al'adar Kirsimeti a talabijin na Amurka, alhali kuwa Sallarmu ba ta sami irinsa ba.

A watan Disamba na 1964 gidan talabijin na NBC ya nuna Rudolph the Red-Nosed Reindeer, labarin wani ɗan barewa mai jan hanci. Kamfanin Rankin da Bass ne ya shirya shi, amma a Tokiyo aka yi aikin hannun, ƙarƙashin Tadahito Mochinaga. 'Yan tsana ake girkawa, a ɗauki hoto, a ɗan gusa hannu ko kai, a sake ɗauka, har a tara hotuna 24 domin daƙiƙa guda. Kamfanin General Electric ya ɗauki nauyi. Da shekara ta kewayo, a 1965, CBS ta fito da A Charlie Brown Christmas da kuɗin Coca-Cola. Abin lura shi ne, sau ɗaya aka sha wahalar, sa'an nan aka adana fim ɗin ana maimaita shi kowace shekara, har yaran da suka fara kallo suka zauna da jikokinsu gabansa. Watau ɗorewar ta rataya ne a kan mai biya da kuma ma'aji.

A Kaduna an buɗe talabijin tun 1962, kafin Gwamnatin Tarayya ta haɗe tashoshi a ƙarƙashin NTA a 1977. To amma abin da Salla ta ba mai ɗaukar hoto ya riga ya wadatar: hawan sarki, dawaki, makaɗa, ga kuma wasan kwaikwayo irin su Samanja. Wane ne zai zauna wata da watanni yana zane, ga hawan daushe kyauta a ƙofar fada?

Kada a ce gwaninta ce ta gagara. Mustafa Alasan na Nijar, wanda ya fara da kanikanci, ya koyi aikin a Kanada wajen Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyara da dukkan tsarabe-tsaraben mulki, zambo ne mai kaifi cikin 'yan mintoci. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, dabara ɗaya da ta Tokiyo. Daga baya ya zauna a Tawa, cikin Hausawan Adar, yana aiki da abin da hannunsa ya kai gare shi, har ya rasu a 2015. A ganina abin da ya rasa shi ne tashar da za ta ce masa, kowace ƙaramar Salla wannan fili naka ne.

Kayan labari kuwa ba su taɓa yankewa ba. Gizo da Ƙoƙi, waɗanda yaro a Damari ta Birnin Gwari ya sani kamar yadda na Kano ya sani, sun riga sun cika sharaɗin da Amurkawa suka kashe kuɗi suka gina, na taurarin da ake jin labarinsu sau goma ba a ƙosa ba.