BABI NA UKU: TARIHIN MA'AUNIN ILIMI DA SAMUN MUƘAMI A ƘASAR GOBIR

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin hanyoyin da al'ummar Gobir ta bi wajen gane mai ilimi da kuma ba shi muƙami, tun daga zamanin Alƙalawa har zuwa shigowar jarrabawa da takardar sakamako. Manufa ita ce a gano ko makin da ɗalibi ya ci ya isa ya zama shaida a kan kaifin basirarsa da abin da zai zama a rayuwa.

3.1 Ma'aunin Ilimi a Zamanin Alƙalawa

Alƙalawa ita ce hedikwatar Gobir tun daga zamanin Sarki Babari, a tsakiyar ƙarni na 18. Kufanta yana bakin gulbin Rima, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yanzu. A fadar wannan birni, asali da jarumtaka da kusanci ga sarki su ne ke ba mutum sarauta. A wajen malamai kuwa, ma'aunin daban ne. Yaro yakan fara da makarantar allo har ya sauke Alƙur'ani, a yi masa zayyana. Daga nan sai ya shiga karatun littattafai a zaure, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala da Muhtasar. Ba a zana jarrabawa, ba a kuma ba da maki. Malami yana zaune da almajirinsa shekara da shekaru, yana jin karatunsa, yana ganin halinsa. In ya gamsu sai ya ba shi ijaza, wato izinin karantar da littafin, tare da jerin malaman da karatun ya biyo ta hannunsu.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ta wannan hanya ya yi karatu a wajen malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowanne. Wannan ya nuna cewa a wancan zamani darajar karatun mutum tana rataye ne ga wanda ya karantar da shi da kuma shaidar da ya yi masa.

3.2 Taron Magami

A wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami don sallar Idi, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar nasa rabo. A maimakon dukiya sai ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga addini, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince da dukkansu.

Abin lura a nan shi ne, malaman da suka hallara a Magami suna da yawa, kuma littattafan da suka karanta kusan iri ɗaya ne. Abin da ya fifita Shehu a idon sarki da na jama'a shi ne gudun duniya da ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya. A cikin rubuce-rubucensa ya yi ta sukar miyagun malamai masu sayar da iliminsu a ƙofar fada, ya kuma soki naɗa mutum a kan muƙami don gado ko don gaisuwar da ya kai. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, shugabannin jihadi sun shar'anta ilimi da adalci ga alƙali da sarki, ko da yake gado bai daɗe ba ya sake kankama a gidajen sarauta.

3.3 Shigowar Boko da Takardar Shaida

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. Iyakar da suka shata tsakaninsu da Faransa ta raba Gobirawa gida biyu: Tsibiri ta faɗa ɓangaren Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗa Nijeriya. Tun daga nan 'ya'yan dangi ɗaya suka shiga hannun ma'auni biyu, wasu ana gwada su da Faransanci, wasu da Ingilishi. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa wani kaso na makin ɗalibi gwajin baƙon harshe ne.

Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma yi bikin buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Aikin En'e, kamar malamin haraji da malamin asibiti da malamin makaranta, ya koma hannun masu takarda. Kafa hukumar jarrabawa ta WAEC a 1952 da hukumar JAMB a 1978 ya ƙara ɗaure al'amarin. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makarantu ƙauyukan gabashin Sakkwato, Jami'ar Sakkwato kuma da aka kafa a 1975 ta kawo digiri kusa da gida. Ta haka malamin zaure, komai zurfin karatunsa, ya wayi gari ba shi da gurbi a ofis sai in ya bi ta makaranta mai ba da takarda, irin Makarantar Koyon Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934.

Duk da haka, tarihin lardin bai goyi bayan masu cewa takarda ita ce komai ba. Sardauna Ahmadu Bello da Alhaji Shehu Shagari malaman makaranta ne da ba su da digirin jami'a, amma na farko ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, na biyu ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Wazirin Sakkwato Junaidu karatun zaure ya yi, sai ga shi Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, manyan masanan tarihi kuma suna zuwa ɗaukar karatu a gabansa.

3.4 Halin da Ake Ciki

A tsarin da ake bi, ɗalibi ba ya shiga jami'a sai da kiredit biyar, ciki har da Ingilishi, kuma ma'aikatu da yawa kan tace masu neman aiki ta hanyar darajar digirinsu. Saboda haka ba daidai ba ne a ce wa yaro maki ba shi da amfani, domin shi ne ke buɗe ƙofar farko. Sai dai maki yana ɗauke da abubuwan da ba su shafi basirar yaro ba: samun malami, da littafi, da abinci, da kwanciyar hankali. Daga wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Sabon Birni da Isa, makarantu suka rufe, wasu iyalai suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi. Yaron da ya rasa zangon karatu a irin wannan hali, in ya faɗi jarrabawa, zalunci ne a kira shi daƙiƙi. Haka kuma satar amsa ta sa ana samun mai kyakkyawan sakamako wanda ba ya iya rubuta wasiƙa.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda kowane zamani ya zo da ma'auninsa a ƙasar Gobir: asali da takobi a fada, ijaza a zaure, maki a makarantar boko. Ijaza tana haɗa karatu da hali, amma ta dogara ga ra'ayin malami ɗaya. Jarrabawa tana gwada dubban yara da tambaya ɗaya, amma ba ta ganin hali, ba ta kuma tambayar yadda yaro ya kwana. Don haka ya kamata iyaye su tsaya wa 'ya'yansu su ci jarrabawa da guminsu, masu ɗaukar aiki kuma su gwada abin da mutum ya iya kafin su yanke hukunci a kan takardarsa. Hausawa na cewa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A babi na gaba za a duba yadda wannan ra'ayi ya fito a cikin karin maganar Gobirawa.