Daga Matan Fada Zuwa Teku: Tarihin Kiyaye Halittun Ruwa

Mafi yawanmu mutanen Dogon Daji ba mu taɓa ganin teku ba, shi ya sa idan aka zo darasinta a aji sai yara su ɗauka zancen mutanen Legas ne. Amma ruwan da ke sauka a ƙasar Tambuwal da Kebbe ba nan yake kwana ba. Yakan gangara gulbin Zamfara ko na Rima, ya faɗa kogin Kwara, ya ratsa Kainji da Lakwaja, har ya isa tekun Atlantika. Ke nan duk abin da muka zuba a kwari, ko ba daɗe ko ba jima, wani zai sha shi a gaba.

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga kakanninmu sun san haka tun kafin zuwan boko. Kowane gari na bakin gulbi yana da Sarkin Ruwa, wanda ke faɗin lokacin da za a shiga su da lokacin da za a bar ruwa ya huta. Misali mafi shahara shi ne na Argungu. Bikin kamun kifi da aka sani a yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama. 'Yan kallo sun fi kula da giwan ruwa da ake fiddowa, alhali hikimar tana ga abin da ba su gani ba: ana hana su a Matan Fada har ranar biki, a ranar ma gora da homa kaɗai ake shiga da su. Wannan hutu shi ke ba kifi damar hayayyafa da girma. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Su kuwa Turawa ta hanyar awo suka ɓullo wa lamarin. Daga 1872 zuwa 1876 jirgin ruwan Ingila mai suna Challenger ya zagaya duniya yana auna zurfin teku da igiya mai ɗaure da dalma, kamar yadda masunci ke gwada zurfi da sandarsa. A tekun Pasifik sun tarar da wurin da ya haura mita 8,000. Daga baya aka ƙago na'urar da ke aika sauti ƙarƙashin ruwa ta jira amsa-kuwwarsa. Sauti na tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, saboda haka in ya dawo bayan daƙiƙa biyu, zurfin wurin mita 1,500 ne. Da irin wannan na'ura ake gano garken kifi da kiyasta yawansa.

A ƙasarmu, an kammala madatsar Kainji a 1968, aka kuma fara binciken tafkin a Sabuwar Busa. A 1975 aka kafa cibiyar binciken teku a Legas, domin nazarin gaɓarmu mai tsawon kimanin kilomita 853.

To, amma awo kaɗai bai taɓa hana ɓarna ba. A Kainji masana sun gano cewa tarun da ake kira dala, mai ƙananan idanu, yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ko'ina ba. Aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus da aka fara a 1993 ya nemi a hana shi, aka kuma yi doka. Sai dai masu aikin sun ga tilas su koma ga sarakunan ruwa da hakimai, domin masunci ya fi jin maganar wanda ya sani bisa ga ta takarda. Ilimin na'ura ya nuna ciwon, amma bakin gargajiya ne ya isar da magani.

Yau matsalar ta ƙaru. Madatsun Bakolori na 1978 da Goronyo na 1984 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun da kifi ke zuba ƙwai. Ga masu watsa maganin ƙwari a ruwa don kamun sauƙi, ga masu mai da gidan sauro taru, ga ledar da ta toshe kowane kwalbati tana neman hanyar gulbi.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da marubuta, mu fara koyar da teku daga tafkin da yaro ya sani. Mu gayyaci Sarkin Ruwa aji ya faɗi dalilin hutun ruwa, sannan mu ɗora da bayanin na'ura. Mu rubuta wannan ilimi da Hausa tun dattawan da ke riƙe da shi suna raye. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya sa mu bar wa 'ya'yanmu gulbi da kifinsa, amin.