Jakadan Ƙarya

Kafin zuwan Turawa a 1903, kakanninmu na ƙasar Ɗambatta sun san jakada: ya zo daga birni da saƙon hakimi, a biya haraji ba musu. A ganina, akwatin rarraba intanet ba waya ya gaji wannan biyayya. A 2017 aka gano Huawei HG532 na zartar da duk umarnin da aka cusa cikin saƙon sabunta shi, bai tambayi mai aikowa ba. Ɓarayi suka mallake dubbai, suka zama rundunar Satori. A 2023 haka ta sami TP-Link Archer AX21. Kamfanin ya fitar da gyara a Maris, a Afrilu aka fara farautar waɗanda ba su sa ba. To, wa zai kai wa mai shago a Makoɗa labari?