Malamin Kil da Zaren da Ke Tsagewa Biyu

Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 malaman Turai sun yi ittifaƙi a kan cewa jikin dabba da na tsiro duk da ƙwayoyin halitta aka gina su, amma mas'alar da ta gagare su ita ce daga ina sabuwar ƙwaya take fitowa. Theodor Schwann, wanda littafinsa na 1839 ya kafa wannan fanni, ya ɗauka daskarewa take yi daga wani ruwa na jiki. Robert Remak ne, bayan ya duƙufa a kan jinin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai, ya kawo hujja cewa tsohuwar ƙwaya ce ke rabewa biyu. Sai dai kasancewarsa Bayahude ta hana shi cikakkiyar kujerar farfesa a Barlin, kuma Rudolf Virchow, wanda ya yayata wannan magana daga 1855, shi ya kwashe yabon. Wannan zalunci ne da bai kamata marubuta tarihi su riƙa tsallake shi ba.

Wanda ya bayyana yadda rabuwar take gudana shi ne Walther Flemming, malamin ilmin sassan jiki a Jami'ar Kil ta Jamus. Ya zaɓi 'ya'yan salamanda, wata dabbar ruwa da tudu mai kama da ƙadangare, domin ƙwayoyinta manya ne, ya kuma nemi taimako daga sababbin rinin da masana'antu ke tatsa daga kwaltar gawayin ƙasa don masu tufafi. Da ya rina fatarsu ya sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ya ga wani abu a cibiyar ƙwaya yana shan rini fiye da kome, yana curewa ya zama zaruruwa masu kauri, su jeru a tsakiya, kowane ɗaya ya tsage a tsaye kamar yadda ake tsaga kara, sa'an nan rabi ya nufi wannan gefe, rabi wancan, kafin ƙwayar ta tsuke a ƙugu ta zama biyu. Alhali rinin kashe ƙwaya yake yi, don haka tilas ya tara ɗimbin matattun ƙwayoyi, kowace ajalinta ya riske ta a wani mataki dabam, ya jera su bisa tartibi, ya kuma gwada jerin da abin da idonsa ya gani a rayayyu. A ganina wannan haƙuri shi ne mafi girman falalarsa.

A 1882 ya wallafa littafinsa da zane-zanen hannunsa, ya raɗa wa al'amarin suna maitosis. A 1888 Wilhelm Waldeyer ya kira zaruruwan kuromosom. Flemming ya yi wannan aiki ba tare da sanin binciken Gregor Mendel a kan gado ba, ya rasu a 1905. Adadin zaruruwan ɗan Adam kuwa, an daɗe ana koyar da 48, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan, a birnin Lund na Suwidin, suka tabbatar 46 ne.